Tururuwar Inno a Gonar Gero

A Jangeru, da an idar da sallar magariba, kakarmu Inno takan janyo tabarmarta kusa da murhu, ta tura masara gefen garwashi. Ni da yayana Sani mukan zauna muna juya masarar, muna jiran ta gama tazbaha. Ba ta fara tatsuniya sai ta ci rabonta.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "kowa shi buɗe kunnenai."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wata tururuwa da ruwan sama ya kwasa ya yar a tsakiyar gonar gero, 'ya'yanta kuwa na rami suna jiran abinci. Ta tambayi karan da ke gabanta hanyar gida. Kara ya ce shi bai taɓa zuwa ko'ina ba, iyakar saninsa inda ya karkata, ta bi nan. Ta bi, ta iske wani karan, shi ma ya ɗan karkata, kusan kamar na farko. Haka ta riƙa tafiya, kowane kara na miƙa ta ga maƙwabcinsa.

"Da wanga ya ce gabas, na kusa da shi ya ce yamma, da ta zauna nan tana kuka," in ji Inno. "Amma maƙwabtan kirki ne, bakinsu bai nisa da juna."

Sai ta ce tururuwa ta kai bakin kwazazzabo, inda gona ta ƙare, daga nan Inno ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus.

Sani ya ajiye masararsa. "Inno, ta kai gida ko ba ta kai ba?"

"Ni na ce maka ta kai? Cewa niy yi ta samu hanya."

Ya yi fushi ya ce an cuce mu, ita kuwa ta yi ta dariya har da tari.

Na girma na karanci lissafi a Sakkwato. A can muka haɗu da irin lissafin da ke faɗa maka, a kowane wuri, inda za ka fuskanta, amma bai zana maka hanyar ba. Malaminmu ya kawo wata ƙa'ida: matuƙar nunin inda za ka fuskanta yana sauyawa a hankali daga wuri zuwa wuri, babu tsalle, to lalle akwai hanyar da ta tashi daga inda kake, ko da gajeriya ce. Ƙa'idar ba ta yi alkawarin abin da ke can nesa ba. Abokan karatuna suka ce wannan ai ƙaramin alkawari ne. Ni na tuna tururuwar Inno, na rufe baki ina dariya.

Yanzu ina koyarwa a Ƙaura. Duk shekara akan samu ɗalibin da zai ce, "Malama, mene ne amfanin hanyar da ba a san ƙarshenta ba?" Nakan ce masa duk abin da na taɓa somawa, karatu, aure, renon 'ya'ya, iyakar tabbacin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni ɗaga ƙafa.