Mai Sauraro da Ƙeya

Mu huɗu ne bakin murhu a daren: Kaka Ige, mahaifiyar babana, da ɗiyarta Gwaggo Hajo, da Kulu ɗiyar Gwaggo wadda ta girme ni kaɗan, sai ni. Gidanmu na cikin tsohon garin Sakkwato. Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa, don haka bayan an sauke tuwo Kaka ba ta bari wuta ta mutu ba. Ta watsa mata ɗanyen ganye don hayaƙi, munka matso kusa muna murza ido.

Kaka makaɗiyar ƙwarya ce. Ba a biki a unguwarmu ba a aiko mata da goro ba. A shekarar nan ta fara koya wa Kulu, kullum bayan isha'i. Sai a cika masaki da ruwa, a kife ƙaramar ƙwarya a kai, a ba Kulu 'yan sanduna biyu. Yarinyar tana da hannu, ni shaida ce, domin na sha jin ta tana kiɗa a gindin tulu in ta ɗauka ba kowa. Amma da Gwaggo Hajo ta jawo kujera ta zauna gabanta, shi ke nan, hannu ya ƙage.

"Ɗaga kanki. Mi kike nema cikin ruwan? Haka kika ga Inna na riƙon sanda?"

Gwaggo ba muguwa ba ce. So take ɗiyarta ta gaji Kaka, son nan ne ya hana bakinta rufuwa. A daren nan ta gyara wa Kulu zama, ta gyara mata riƙo, ta yi tsaki, har yarinyar ta aje sandunan ta ce ita ta bar kiɗa har abada. Kaka ta ɗan tura itace cikin wuta, ta ce, "Ga wata nan ta taho muku."

Munka ce, "Ta shigo mu ji ta."

Wai an yi wata yarinya mai zuwa wanki bakin gulbi. Can ta haɗu da wata tsohuwa da ke zaune ƙarƙashin ruwa, ta koya mata waƙa. In ta buga ƙwaryar wankinta ta rera, kifaye sai su leƙo su yi mata amshi. Kaka ta rera muna, da muryar nan tata mai ɗan kaushi:

"Ruwa, ruwa, riƙe mani waƙa."

Mu kuma, mu ne kifayen, muna cewa, "Mun riƙe, ɗiya, mun riƙe."

Uwar yarinyar ta jiyo daga nesa, daɗi ya kama ta. Ta bi ɗiyarta gulbi, ta tsaya gabanta ƙyam, ta kafa mata ido. Buɗe baki. Ba haka ba. Sake. Duk sanda ta yi magana, sai baiti guda ya suɓuce ya faɗa ruwa, kifi ya haɗiye. Yau da gobe har waƙa ta ƙare, yarinya ta buɗe baki ba abin da ya fito. Ana cikin haka wani ɗan ƙwaro ya faɗa ma uwar a ido, ta juya tana murzawa. Juyawarta ke da wuya, kifaye sunka fara tofo baitocin ɗaya bayan ɗaya, waƙa ta dawo bakin mai ita.

"To, daga ran nan," in ji Kaka, "matar nan ba ta sake kallon ɗiyarta tana waƙa ba. Sai ta ba ta baya. Mutanen gari na cewa, ku dubi wagga mata, ko son waƙar ɗiyarta ba ta yi. Ba su san ta koya ma ƙeyarta ji ba. Tawa ta ƙare nan, wanda ya ji ƙarya ya ɗauraye kunnensa da safe."

Ni da Kulu munka yi ta dariyar ƙeya mai kunne. Gwaggo Hajo ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ce hayaƙi ya dame ta, ta shige ɗaki. Daga ranar, da an ɗauko masaki sai aiki ya taso mata: ko tsinar wake, ko kaɗi, can bayan rumbu. Ni yarinya ce mai sa ido, na lura, amma na ɗauka fushi take da Kaka. Kulu kuwa hannunta ya saki. Da ta yi aure Wamakko, ita ce mata ke nema in biki ya tashi. Ni ma na koya daga baya, ba kamar ita ba, amma na iya.

Duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yanzu ni ce tsohuwar, ina zaune unguwar Gidan Dare wajen ɗana. Ban yi boko ba, ban kuma iya lallashi ba. Yaran gidan in sun ji takuna sai su gyara zama, ni kuwa ban ga laifin hakan ba. Cikinsu Luba ce kaɗai ba ta shakkar bakina. Ita ce ta gama sakandare ta zo ta tsuguna gabana ta ce, "Tsohuwa, ki ba ni kiɗan nan kafin ki tafi da shi kabari."

Na ce, "Ke za ki riga ni, ja'ira. Ɗauko ƙwarya."

Na koya mata yadda ake rage iska ƙarƙashin ƙwarya har muryarta ta zauna, da inda ake sassautawa a bar ma 'yan amshi wuri. Tana kamawa da wuri. In tana ɗakinsu ita kaɗai, nakan ji ta ta bango, wani lokaci har in aje carbi. Ban taɓa gaya mata ba.

Sai maƙwabciyarmu ta tashi aurar da ɗiyarta, ta ce ba ta son na'urar nan mai tsage kunne ranar wuni, ƙwarya take so irin ta da, kuma Luba za ta ja. Karonta na farko ke nan gaban mutane. Ana gobe biki na ce ta kawo kayan mu bi sau ɗaya. Na zauna gabanta. Ta fara daidai, sai na ga kafaɗarta ta ɗan karkace, na ce ta miƙe. Ta miƙe, kiɗa ya ɓace. Ta sake, na ce ta yi sauri. Ta sake, sanda ta faɗa ruwa.

"Ba ni zuwa," ta ce. Babu wasa cikin muryar. "A gaya masu ban da lafiya."

"Ƙarya kuma? Cikin gidan ga?"

"To ki ce masu ban iya ba. Ai gaskiya ce. Kin gani da idonki."

Ta tashi ta bar ni da masaki. Na zauna ina kallon ƙwarya tana yawo kan ruwa. Da idona na gani, haka ne. Amma abin da kunnena ke ji ta bango fa? Sai ga muryar Kaka Ige, ga hayaƙin nan, ga Gwaggo ta tashi tsam. Na tsufa ina ɗaukar tatsuniyar nan ta yara ce, ashe Gwaggo aka yi ma ita. Na kuma gane abin da Gwaggo ke yi bayan rumbu. Wake nawa ne gidanmu da za a yi ta tsinarsa kowane dare? Wurin ya fi ko'ina jin kiɗa, shi ya sa. Idona haka Allah ya yi shi, ba ya ganin karkace ya yi shiru, kuma a shekaruna ba zan sake shi ba. Abin da zan iya shi ne in kai shi wani wuri.

Da gari ya waye na leƙa ɗakinsu. Luba ta ja zane ta rufe kai, na san idonta biyu.

Na ce, "Ni na tafi gidan biki, an ba ni aikin madafa. Ba ni da lokacin kallon kiɗan kowa yau. In kin ga dama ki zo, in kin ga dama ki kwana nan."

Ba wanda ya ba ni aiki. Na isa na karɓe faifan shinkafa daga hannun wata yarinya, na jawo kujera bayan katangar madafa, na ba tsakar gida baya. Hantsi ya ɗaga, mata sunka cika. Can na ji ana zuba ruwa a masaki. Aka taɓa ƙwarya sau ɗaya, aka rage mata iska, aka sake taɓawa. Sai kiɗa ya tashi, amshi ya biyo, wata ta rangaɗa guɗa.

Uwar amarya ta shigo da gudu. "Hajiya, jikarki ce fa! Ko leƙawa ba ki yi?"

Na ce, "Ina aiki. Wagga shinkafa duk tsakuwa ce, ƙaro mani wata."