Tirelar Baba Birki ta Cikin Falo

A garejin manyan motoci aka raɗa masa Birki tun yana saurayi, sunan kuma ya bi shi har gida. Dalili kuwa shi mutum ne mai taka birki tun kafin ya hango kwana. Abokan aikinsa kan ce in kun ɗauko kaya tare da shi, sai ka isa ka sauke, ka yi wanka, ka ɗan rintsa, sannan ka jiyo ƙugin motarsa tana shigowa. Shi ko a jikinsa. Ya shekara talatin da ɗoriya yana jan tirela bai taɓa goge fentin motar kowa ba. Haka kuma yake a komai. Ko takalmi zai saya, sai ya je ya gani, ya dawo gida ya yi shawara da ƙafarsa, sannan ya koma.

Ciwon baya ne ya sauke shi daga mota. Da likita ya ce zaman doguwar tafiya ya ƙare, Baba Birki ya dawo gida ya rasa inda zai sa kansa. Ya kwance ƙofar banɗaki ya mayar, alhali lafiyarta ƙalau. Ya shiga kicin yana nuna wa matarsa yadda ake jera tukwane, ita da ta riƙe gidan ita kaɗai duk shekarun da yake kan hanya. Ranar da ya fara auna mata ruwan shayi da kofi, ta ɗauki waya ta kira autarsu.

"Ki zo ki samo wa babanki abin yi," in ji ta, "kafin ya kwance ni ni ma ya mayar."

Auta tana aiki ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma tun tana ɗaliba take da son wasannin kwamfuta. Akwai wata kwamfuta da ta harhaɗa da hannunta a wancan lokacin, baƙin akwati mai fanka biyu, tana ajiye a ƙarƙashin gadonta tun da ta koma amfani da ta tafi-da-gidanka. Ita ta ɗauko ta girke a kusurwar falo kusa da taga, ta ɗaura sitiyarin wasa a bakin tebur, ta ajiye totur da birki a ƙasa, ta kunna wani wasa na tuƙin tirela.

Baba Birki ya leƙa, ya taɓe baki. "Ni za ki kawo wa wasan yara?"

Auta ta ja kujera. Ta zauna ta fara ribas, da gangan ko ba da gangan ba, bayan tirelar ya karkace ya nufi wani turken fitila. Tsohon ya jure, ya jure, can dai ya kasa.

"Ke, tashi! Tashi, za ki karya mota. Wa ya ce miki haka ake juya kai?"

Ya zauna don ya nuna mata. Tun daga ranar kujerar ta zama tasa.

Tuƙin nasa na falo bai bambanta da na titi ba. Sai ya sa hularsa kafin ya tayar da inji. Yana ba da sigina ko babu kowa a bayansa, yana tsayawa a jar fitila ko garin ya yi tsit. In matarsa ta kawo masa shayi sai ya ce, "Riƙe mini, bari in sami wurin fakin."

"Malam, ga maɓallin da Auta ta ce yana tsayar da abin nan."

"Ba a tsayar da mota a tsakiyar titi."

Daɗin ya ƙaru da ya gano cewa Dogo, tsohon abokin aikinsa da ya koma wani gari wajen 'ya'yansa, shi ma an haɗa masa irin wasan. Auta ta sada su ta intanet. Kullum da yamma sai su ɗauki kaya su yi ayari, Dogo a gaba saboda shi har yanzu ƙafarsa nauyi gare ta a kan totur, Birki a baya yana masa faɗa ta abin magana da ke maƙale a kunnensa. A hanya suke labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka aurar da jikoki, da yadda gwiwa ke yi idan hadari ya haɗu.

Ana nan sai masu wasan suka sabunta shi. Suka ƙara garuruwa da gadoji, da ruwan sama mai sauka a kan gilashi kamar gaske. Daga nan tsohuwar kwamfutar ta fara haki. A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, amma da an shiga gari mai cunkoso sai hoton ya riƙa in'ina, fankokin su ɗauki kuka har ana ji daga kicin. Baba Birki ya ce gajiya ce, za ta ware.

Wata yamma sun shiga wani gari ana ruwa, Dogo ya tsaya a jar fitila. Daidai nan hoton ya daskare. Baba Birki ya danna birki har ƙasa, allo bai motsa ba. Da hoton ya dawo, kan motarsa na cikin bayan tirelar Dogo, gilashi ya tsage.

Dogo ya yi dariya har ta koma tari. "Birki! Kai ne? Wayyo cikina. Bari in kira mutanen gareji in gaya musu na ga wannan rana da idona."

Baba Birki ya zare abin kunnen ya ajiye a hankali. Ya cire hula. Abincin da aka kawo masa ma juya cokali kawai ya yi a ciki. Matarsa ta dube shi, dariya na cin ta, tausayi kuma ya hana ta yi a gabansa. Ta shige ɗaki ta kira Auta.

"Babanki ya yi hatsari."

"Innalillahi! A ina? Yana ina yanzu?"

"A falo. Yana zaune."

Auta ta zo a ƙarshen mako da shawararta a shirye: a ajiye tsohuwar gaba ɗaya, a sayi sabuwa fil, mai gilashi a gefe da fitilu masu canza launi. Ta nuna masa hotuna a waya.

"Wannan ai shagon aski ne," in ji shi. "Kuma ni ban taɓa yar da mota don ta yi tari ba. A fara kai ta a duba."

Suka rungumi akwatin zuwa wajen wata mai gyara da kowa ke kira Injiniya. Shagonta ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, kanta cike da matattun kwamfutoci an jera su kamar bulo, wayoyi na reto daga ƙusa. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a saman goshi. Kafin ta taɓa sukudireba sai ta tambaye shi, "Baba, me kake yi da ita?"

"Tuƙi."

"Ban da tuƙi fa?"

"Tuƙi dai."

Ta buɗe, ta hure dattin da ya toshe fankokin, sannan ta kunna wasan ta sa wasu lambobi suka fito a gefen allo. Ta ce ya shiga gari. Yana shiga ta nuna masa da yatsa: katin da ke zana hoto ya kai maƙura, ma'ajiyar aiki da suke kira ram ta cika maƙil, amma ƙwaƙwalwar kwamfutar da sauran numfashinta.

"Ka ga ba duka ce ta gaza ba," in ji ta. "Wurare biyu ne. Amma kada ka yi gaggawa. Zan rage mata kaya tukuna: inuwa, da ganyen bishiyoyi, da ruwan saman nan. Ka je ka gwada. In tuƙin bai daina yi maka daɗi ba, kada ka sayi komai. Ranar da ta hana ka abin da kake zama dominsa, ka dawo."

Baba Birki ya juya ya dubi Auta da fuskar wanda alƙali ya ba gaskiya. "Kin ji 'yar albarka."

Haka ya koma hanya a wata duniya da aka yi wa aski. Bishiyoyi suka zama kamar an yanko su daga kwali, gidaje ba inuwa, sama kullum tas. Dogo zai ce, "Kai, dubi yadda rana ke faɗuwa a bayan dutsen can," shi kuwa ba ya ganin komai sai wani jan fenti. Bai yi ƙorafi ba. Da Auta ta matsa, sai ya samo sabuwar mafaka: ya ji an ce sababbin katuna na nan fitowa, gara a jira. Ta gaya wa Injiniya, ita kuma ta aiko masa da saƙo cewa tun da ta buɗe shago ba a taɓa yin watan da ba a ce sabo na tafe ba. Ya ce ya ji, zai yi tunani. Matarsa ta ce da Auta ta ƙyale shi, ita ma sai da ya yi shekara yana gaishe da yayanta a hanya kafin ya iya faɗin abin da ke kawo shi unguwarsu.

Abin da ya yanke maganar ƙarami ne. Aka sake sabunta wasan, in'inar ta dawo, Auta ta duba ta ga babu sauran abin ragewa sai madubai. Ta rage. Yanzu mota ba ta bayyana a madubinsa sai ta zo dab da shi, kamar daga ƙasa ta tsiro. Ya kai kaya wani kamfani, ya zo yin ribas tsakanin tireloli biyu, ya dubi madubin dama bai ga wutsiyar motarsa ba. Ya dubi na hagu, hazo kawai. Sannan ya ja birkin hannu, ya kashe inji.

"Auta, kira mini Injiniya."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Yau kuma? Ba sai an yi tunani ba?"

"Inuwa ado ce, ruwan sama ma ado ne. Amma ba na tuƙi babu madubi."

A shagon, Auta ta miƙa hannu wajen wani ƙaton kati mai fanka uku. Injiniya ta girgiza kai. Ta ce allon Baba ƙarami ne, ƙwaƙwalwar kuma tsohuwa, ba za ta iya ciyar da wannan ba, rabin ƙarfinsa zai zauna a banza. Ta zaɓo matsakaici, da ƙarin ram guda biyu masu kama da juna. Ta ce akwatin wutar ma dole a canza shi, don sabon katin ya fi tsohon ci, in aka bar shi haka zai riƙa ɗaukewa a tsakiyar tafiya. Wannan Baba Birki bai yi musu ba ko kaɗan. Abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya ɗaura da hannunsa.

A kan teburin cin abinci suka yi aikin, da rana tsaka, an shimfiɗa tsohon tawul. Auta na riƙe da fitilar waya, shi yana kwance ƙananan notina yana jera su a murfin kwano. Katin ya ƙi shiga, ya fi wurin tsawo da kamar faɗin yatsa, sai da suka cire wani kejin ƙarfe da ba a amfani da shi. Ram ɗin ya ƙi zama, Auta ta ce ya danna da ƙarfi, ya ce ba ya yi wa abu dole, ta danna da kanta ya ce ƙas. Suka rufe, suka mayar kusurwar falo, ya yi bismillah ya kunna.

Fankoki suka juya. Allo baƙi ƙirin.

Uba da 'ya suka dubi juna. Auta, ita da ta harhaɗa na'urar tun farko, ta ɗauki waya. Ta kira Injiniya.

"Wayar allon, a ina kuka soka ta?" in ji Injiniya.

"A inda ta shiga, can sama."

"Ku sauko da ita ƙasa, jikin sabon katin. Kowa sai ya yi wannan."

Suna sokawa haske ya kawo. Auta ta mayar da duk abin da aka rage. Da yamma Baba Birki ya sa hula ya tayar da inji, ya fita gari ana yayyafi. Ɗigon ruwa na gangarowa a gilashi, waifa na sharewa, fitilun shaguna na kwance a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya dubi madubi ya ga layin motoci har can ƙarshen titi, kuma ta farko a cikinsu ta Dogo ce.

"Wuce mana," in ji Birki. "Yau ba ka sauri?"

"Ni? In sake shiga gabanka? Yi gaba, ina nan a baya inda rai yake."

Abin da Baba Birki bai hango ba shi ne, kwamfutar falon yanzu ta fi ta Auta ƙarfi nesa ba kusa ba. Zuwanta gida ya ƙaru. Sai ta shigo da ledar 'ya'yan itace, ta gaida mamanta a tsaitsaye, ta tambayi lafiyar bayan Baba, idonta na kan kujerar. Ta zuba wani wasan nata na gina birni, ta ce gwaji kawai za ta yi ta ga ko katin na aiki daidai.

"Wannan gwajin ba ya ƙarewa ne?" ya tambayi matarsa rannan, yana tsaye da hula a hannu, lokacin tafiyarsu da Dogo na ƙaratowa.

"Kai ka san 'yarka. Da ka ga tana nuna maka mai fanka uku, ka zaci don madubinka ne?"

Ya ja ƙaramar kujera ya zauna a gefen Auta yana jiran layi. Ya kalli birnin da take ginawa, gidaje na tsirowa, motoci sun cushe a wata mahaɗa. Ya yi shiru iya ƙoƙarinsa. Can ya miƙa yatsa ya taɓa allon.

"Nan wurin shataletale yake so. Kuma ki faɗaɗa kwanar can, babbar mota ba za ta iya juyawa ba."