Duwatsu Bakwai na Kaka

Ranar wata Laraba cikin watan Agustan 1988, ina aji huɗu, aka tashe mu daga makaranta tun kafin azahar saboda hadarin da ya haɗo daga gabas. Ko ɗigo bai sauka a ƙauyenmu ba tukuna, amma muna hawa tudun da ke kallon rafi muka ji ƙugi. Rafin da muka tsallake da safe ruwa iya ƙauri ya koma ja wur, yana tafe da rassan itatuwa da takardun buhun siminti. Can ƙasa na hango Baba tsaye a gonar doya, ruwa iya gwiwa, fartanya a hannu, yana kallon kunyoyinsa suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Sauran yara sai tsalle suke yi suna ihu. Ni kuwa ban shiga cikinsu ba, domin na san yadda aka yi doyar Baba ta je wurin.

Ƙauyenmu yana bayan inda Apo take a yanzu. Gwarawa ne mu, manoma, Hausa ma a kasuwa da makaranta muka tsince ta. A rafin nan muke wanki da wanka, daga nan muke ɗebo ruwa a tulu mu ɗora a kafaɗa kamar yadda iyayenmu mata suke yi. Kakata ta wajen uba tana da wasu baƙaƙen duwatsu bakwai, kowane ya kai girman kabewa, a jere a gangaren gonarmu. Duk ƙarshen damina takan bi bakin rafi tana duba inda ruwa ya rataye ciyawa a jikin rassa. In ya haura duwatsun, ta matsar da su sama. In bai kai ba, ta bar su. Ba a taɓa mayar da su ƙasa. Daga duwatsu zuwa tudu namu ne, a sa doya da dawa. Daga duwatsu zuwa ruwa kuwa sai shinkafa da gwaza, masu jure jiƙa. Takan ce da yarenmu, "Rafi ma yana da ɗakin kwanansa. In ka shimfiɗa tabarma a ciki, ranar da ya dawo kada ka kai ƙara."

A ranin shekarar ne katafila ta iso. Aka fasa hanya ta saman ƙauye, aka kayar da itatuwa, har da ɗorawar da ke tsaye kusa da duwatsun Kaka. Baba ya samu aikin lebura wurin masu gina kwalbati, ya fita da sassafe ya dawo fari fat da siminti. Ita kuma Kaka ciwon gwiwa ya zaunar da ita a tsakar gida. Sai muka samu sake, ni da Talatu, 'yar ƙanin Baba. Wata Asabar muka shirya kwarfar kifi a wani gurbi, muna neman abin tare ruwa, idona ya faɗa kan duwatsun. Muka mirgino su har bakin rafi, muka yi kwarfarmu, muka samu 'yan tarwaɗa da ƙaguwa cikin ƙwarya. Mayar da su ne ya zama aiki. Gangara ta yi mana daɗi, hawa kuwa ga rana ga nauyi. Da muka kai rabin hanya na ce da Talatu ai dutse dutse ne, ko'ina aka ajiye shi zai zauna. Muka jera su nan, wajen taku talatin ƙasa da mazauninsu, har ina yabon kaina wai layina ya fi na Kaka miƙewa.

Da lokacin tada kunya ya yi, Baba a gurguje yake noma kafin ya wuce wurin aiki. An ƙone ciyawa, ɗorawa babu, ba abin da zai tuna masa iyaka sai duwatsu, kuma tun yana yaro bai taɓa jin sun yi ƙarya ba. Ya ga ƙasa baƙa mai laushi, ya yi murna, ya zuba mafi kyawun irinsa a wurin, wanda yake sa ran ya ba mu abinci ya kuma ba mu irin baɗi. Ni da kaina na riƙa kai masa irin a kwando. Sau nawa na buɗe baki na rufe, ina cewa a raina wataƙila bana ruwa ba zai yi yawa ba.

Ambaliyar ta wuce. Maza suka taru a ƙofar gida suna cewa laifin kamfani ne, tun da sun miƙar da rafin daga sama, sun yanke masa kwane-kwanen da yake hutawa a ciki, sun zuba masa kankare, dole ya iso da gudu. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, na so a tsaya a kanta. Amma da yamma ana cin tuwo Baba ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Bana duwatsun Mama sun yaudare mu." Kaka ta ajiye lomar da ta ɗauko, ta wanke hannu. Washegari na ji mata a bakin turmi suna cewa tsufa ya fara taɓa ta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwana biyu na yi ba na iya haɗa ido da ita, a na uku na same ta tana ɓare masara na faɗa mata komai ina kuka.

Ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki sandarta, ta dafa kafaɗata, muka gangara tana ɗingishi, ta aika a kira Baba. Ta nuna masa ramukan da duwatsun suka bari a mazauninsu na asali, sannan ta ci gaba da hawa tana duba rassa. Ashe ruwan ya wuce har tsohuwar iyakar da taku goma, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta dube ni ta ce, "Rabin doyar nan ke kika ci, rabi masu kwalbati." Ta sa na kwaso duwatsun ni kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, zuwa sabuwar iyaka. Baba ya durƙusa ya ba ta haƙuri a gabana. Shekarar rogo muka ci da dawa, iri kuma sai da ya je wajen surukansa a Bwari ya roƙo. Har yau in na tuna durƙuson nan kunya takan kama ni.

Daga baya birni ya cim mana. Aka gina madatsun ruwa, aka yi gadoji, aka zuba wa rafuka kankare, mu ma aka tashe mu. Ba zan yi butulci ba, jikokina ba su san fashin makaranta don rafi ya cika ba. Amma fadamar da Kaka ta bar wa ruwa an cike ta da jar ƙasa an jera gidaje, an matse rafin tsakanin katangu kamar kwata, leda da robobi sun toshe shi. In damina ta yi ɓarna hukuma ta zo da jan fenti, a yi rusau, a faɗaɗa magudana, kafin a jima wani ya sake kafa tubali.

Bara 'yata Rahila da mijinta suna neman gidan haya, na raka su duba wani da dillali ya samo musu. Muna sauka daga mota na gane tudun, na gane gangaren. A kan gonar shinkafarmu muke tsaye. Gida tsaf, sai dai fentin katangar daga ƙasa zuwa ƙirjina ya fi na sama sabunta. Na sa mukulli na kankare, sai ga layin laka a ƙarƙashi. Dillalin ya yi dariya ya ce, "Mama, ai small ruwa ne, oga ya gyara komai." Na ja hannun Rahila muka fito. Ta yi ta mita har Masaka, inda suka samu wani a kan tudu, nesa da wurin aikinta.

A wancan gidan na farko, kafin mu shiga mota, na tsaya ina duba gefen hanya, ko zan ga baƙin dutse ko ɗaya, ban gani ba. Na yi kewar Kaka a ranar fiye da ranar da muka binne ta. Ita shaida take ajiyewa don kada 'ya'yanta su manta inda ruwa ya kai. Mu kuwa fenti muke shafawa.