Leɓen da Muka Kashe wa Yaya Ishaya

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Ishaya a Manga, kuma har yau in na tuna shi, haushi ne ke riga kewa isowa. Haushin kaina nake ji, ba na kowa ba.

Yaya tsohon soja ne, mai busa bigila a badujala. Da ya yi ritaya ya koma noman dawa, amma duk tsohon sojan da ya rasu tsakanin Zuru da Danko, shi ake kira ya busa masa ta bankwana a bakin kabari. Da wannan busar aka san shi, da ita yake taƙama.

Sai ciwon ya zo, a kuncin dama, kamar an jona masa wayar lantarki. Iska ta taɓa shi, ko ya tauna tuwo, ko ya wanke fuska, sai ka ga ƙato ya durƙushe. Haƙora uku lafiyayyu aka cire masa a banza kafin a gane jijiyar fuska ce. Ƙwayoyi suka yi aiki na ɗan lokaci, daga baya suka bar shi da jiri. Bigila kuwa ta koma rataye, yana jiran ranar da zai warke.

A babban asibiti ni na zama bakinsa, wai ni ne malamin makaranta. Turancinsa na bariki ne, magana kuma tana tayar masa da ciwon. Likita ya shimfiɗa mana hanya biyu. Ta farko, a huda ƙashi a bayan kunne, a raba jijiyar da hanyar jinin da ke danne ta. Aiki ne babba, ana iya kurmancewa, ana iya rasa rai, amma in an dace fuska tana nan da jinta, sauƙin kuma ya fi ɗorewa. Ta biyu, a soka allura ta kunci a ƙona jijiyar. Kwana ɗaya ko biyu an sallame ka, sai dai wurin yana iya mutuwa, ciwon kuma yakan dawo.

Ina jin batun huda ƙashi na ce a raina ba za a yi ba. A gidanmu ba a taɓa jin an buɗe kan mai rai ba. Na fita na gana da matarsa da kawunmu, muka tsaya a kan allura. Shi mai fuskar kuwa, abin da na gaya masa shi ne ɗaya fasa kai ce, ɗaya allura. Da likita ya tambayi sana'arsa, na ce manomi. Ban yi ƙarya ba, amma bigila ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba.

Ciwon ya tafi, muka yi godiya a majami'a. Leɓen sama ma ya tafi. Ranar da ya sauko da bigilar ya ɗora a baki, iska ce kawai ta zurare ta gefe. Ya gwada har sau uku, sannan ya dube ni.

"Bulus, na ji ka sadda kac ce manomi," in ji shi. "Baki ne ba ni da shi rannan."

Bai ƙara tayar da maganar ba. Bayan shekara biyu ciwon ya dawo a kan mataccen leɓe, ya zauna da shi har hawan jini ya ɗauke shi.

Yanzu ga wayar salula a aljihun kowa, har ana ba mu labarin wata hanya ta uku a ƙasashen waje, wai haske ake harba wa jijiyar ba tare da wuƙa ba. Na san Yaya, da yana nan tsaki zai ja, ya ce hanyoyi sun ƙaru, shin an fara tambayar mai ciwon? Ban ce fiɗar ce daidai ba. Wataƙila da ya mutu a kan gadon aiki, wataƙila shi ma da allurar zai zaɓa. Abin da ke ci mini rai shi ne kansa ne, leɓensa ne, amma tsoronmu muka auna muka yanke.

Gonarsa tana nan, 'ya'yansa suna nomawa. Ni abin da ya bar mini daban ne. Ni ɗin nan da ba a raba ni da surutu, yau in na raka mara lafiya asibiti, takarda da biro nake miƙa masa in ba ya iya magana, in ja bakina in yi shiru. Dangi suna cewa na cika nawa. Su faɗa, ba su suka ce manomi ba.