Silifas a Hammata

Shekaranjiya ina alwala a tsakar gida sai na ji wata ƙara daga ɗakin yara, irin tsuwwar nan mai kaifi da wasan bidiyo yake yi idan mai gadi ya hango ka. Wallahi sai da butar ta kusa suɓuce min. Ɗana ne yake wasansa, bai ma san na ji ba. Ni kuwa na tsaya da ruwa a gwiwar hannu, kunya ta lulluɓe ni, alhali abin da nake jin kunyarsa ya haura shekara ashirin da faruwa. Bari in ba ka labarin daga tushe.

A Garwa aka haife ni, a gidan da kakanninmu suka gina bayan fatauci ya kawo su daga ƙasar Kano. Babana kullum yana kan hanya, yana zuwa Ngawundere tarbar dilolin atamfa da jirgin ƙasa ya sauke, saboda haka gidan yana hannun kakana, mahaifinsa. Ciwon yana ya rufe wa kakana ido tun kafin in yi wayo. A zaure yake wuni, kan buzunsa, da sanda a gefe, da buta, da ƙaramin rediyo mai ɗaure da roba. Ƙofar gidan ɗaya ce tal, duk mai shiga da mai fita sai ta gabansa. Kuma da ƙafa yake gane mu. Kafin ka yi sallama ya faɗi ko kai wane ne. Ni idan na taho sai ya ce, "Ga abokina nan, mai jan ƙafar hagu." Matan gida ba sa wahalar neman yaro. Sai su leƙo zaure su ce, "Baba, wane ya dawo?" In ya ce ya dawo, to ya dawo. In ya ce bai dawo ba, ba mai ɓata lokacin duba ɗaki.

Ka'idar gidanmu ita ce, in za ka wuce shi sai ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi, kuma ba ka tashi sai ya ce, "Tashi, Allah ya yi albarka." Nan fa matsalar take. Kakana ba ya gaggawar cewa tashi. Zai kama wuyan hannunka, ya tambaye ka lekol, wato makarantar boko, ya tambaye ka hadda, ya tambayi wanda ka gamu da shi a hanya da sunan ubansa, sannan ya tuna goronsa ya ƙare. Gwiwarka ta yi tsami, shi kuwa yanzu ya fara.

A shekarar da nake ba ka labari, wani mai aski ya buɗe shago a bakin titinmu. Mutumin Kaele ne, Kirista, mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce gauraye da Faransanci. A bayan labulen shagonsa akwai talabijin da na'urar wasa da wani ɗan'uwansa ya kawo masa daga kudu. Duk yaron da ya share gashi ya wanke tawul, yana da rabon riƙe manet, wato abin sarrafa wasan. Ɗakin zafi kamar murhu, musamman da bazara, yana warin hoda da man aski da zufar yara, amma mu a lokacin ba mu san wani wuri da ya fi shi daɗi ba a duk Garwa.

Faifan wasanni da yawa ne, na ƙwallo da na dambe, amma ni guda ɗaya ne ya shiga raina. Soja ne shi kaɗai, an jefa shi cikin sansanin abokan gaba, kuma aikinsa ya wuce ba tare da an gan shi ba. Gaskiya wanda ya tsara wasan nan ya san aikinsa. Sauran wasanni hannu suke so, wannan haƙuri yake so. Za ka laɓe bayan ganga kana kallon mai gadi yana kai da komo har ka haddace tafiyarsa. In ka yi gudu a kan ƙarfe, a ji ka. In ka sunkuya ka tafi a hankali, ka wuce. Kana iya jefa gwangwani can gefe, mai gadi ya bi ƙarar, kai ka sulale ta bayansa. Yara masu surutu irinmu sai ka ga mun yi tsit, har numfashi muna riƙewa, mai aski yana leƙowa da almakashi a hannu yana cewa, "Dusma, peti, dusma, a hankali!" Ban taɓa jin zuciyata ta buga kamar yadda take bugawa a ɗakin nan ba.

Amma yana da nasa shirmen, mu kanmu muna yi masa dariya. Wani lokaci hoton ya maƙale a bayan bango, ba ka ganin komai sai dai ka ji an kama ka. Ga dogon surutu cikin harshen da ba mu ji, ba kuma damar tsallakewa. In aka ɗauke wuta, duk wahalar da ka sha ta tafi, sai ka koma farko. Babban shirmen kuwa masu gadin ne. Sakarkaru ne na ƙin ƙarawa. Mutum zai gan ka ido da ido, tsuwwar nan ta tashi, ka gudu ka ɓuya, ya ɗan dudduba, sai ya ɗaga kafaɗa ya koma bakin aikinsa kamar ba abin da ya faru. Ba sa jin wari, ba sa tuna fuska, ba sa damuwa da kowa. Ni da ƙuruciyata sai na ɗauka haka masu tsaron ƙofa suke a ko'ina.

Wata rana layina ya kusa, na ruga gida in ajiye jakar lekol, na hango kakana a zaure ya miƙe ƙafa, da alama yana jin hira. Na san in na durƙusa, wani ya riƙe manet ɗina. Sai shaiɗan ya raɗa min wasan. Na tuɓe silifas tun daga waje na sa a hammata, na sunkuya ƙasa-ƙasa, na bi jikin bango a hankali kan yatsu, ina riƙe numfashi. Na wuce. Bai ce uffan ba. Kai, daɗin da na ji ranar nan! Na fito ma haka. Daga nan abin ya zama sana'a.

To ga inda abin kunyar ya fara. Daura da ƙofarmu akwai dalbejiya, a ƙarƙashinta tsofaffin unguwa suke majalisa. Daga can suna ganin bakin zaure, amma ba sa jin abin da ake faɗa a ciki. Abin da suke gani shi ne yaro ya tuɓe takalmi tun daga titi, ya rungume su, ya duƙa kamar zai shiga gaban sarki, ya shiga a natse. Wani tsoho Bafulatani a cikinsu ya fara cewa, "Kai, ɓingel, yaron nan akwai ladabi." Kafin wata ya ƙare labarina ya gama unguwa. Iyaye suna dukan 'ya'yansu da sunana. Wani abokina ya sha mari saboda ni, ya zo yana harara ta a shagon aski, don shi ya san gaskiya. Gwaggona, ƙanwar babana, ta fara ƙara min tsoka a miya. Ni kuwa, Allah ya yafe min, ina ci. Har na ji tsohon nan ya faɗa wa kakana a gabana cewa jikansa ya fi na kowa tarbiyya. Kakana ya ce, "Ai kuwa, ƙafarsa ta yi sauƙi kwanan nan." Na ɗauka yabo ne.

Damina ta yi nisa, Binuwai ya cika ya batse, ruwan ya yi ja. An hana mu zuwa bakin kogi, amma wa yake ji? Ran nan bayan azahar an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, hadari ya haɗo, na taho gida da gudu ruwa yana dukana. Tsofaffin majalisa duk sun watse. Ruwa yana ta ruri a kan kwanon zaure, iska tana kaɗa ƙofa. Na sa silifas a hammata na wuce kakana kamar kullum. Mata duk suna ɗaki. Don kada a yi min faɗan jiƙa kaya, na shige ɗakin ajiyar babana, na kwanta tsakanin dilolin atamfa, ƙamshin sabon yadi da ɗumi suka ɗauke ni. Barci ya yi gaba da ni.

Abin da ya faru ina barci, daga baya na ji shi. Wajen la'asar wani ya shigo unguwa da labarin cewa ruwa ya tafi da wani yaro a kusa da gada. Innata ta fito a gigice ta tambayi kakana ko na dawo. Ya ce ban dawo ba. Wata ta ce a duba ɗakuna, gwaggo ta ce, "A duba me? Yaron da ba ya wuce kakansa bai gaishe shi ba? Da ya shigo da Baba ya sani." Kowa ya yarda, don duk unguwa ta shaida. Maza suka bazama bakin kogi. Kakana kuma, da ya ji zauren ya yi shiru, ya laluba sandarsa ya fita cikin ruwan shi kaɗai, yana kiran sunana. Bai yi nisa ba ƙafarsa ta zame ya faɗa lambatu, ƙashin cinyarsa ya karye.

Kukan mata ne ya tashe ni. Na fito ina murza ido, na tarar an shimfiɗe shi a tsakar gida, jikinsa duk taɓo, hularsa babu, ana jiran maɗori. Innata ta rungume ni, sannan ta ture ni ta ce, "Ta ina ka shigo?" Kowa yana kallona. A wasan nan in an gan ka akwai wurin ɓuya, ni ranar babu.

Kakana ne ya amsa, yana cije baki saboda zafi. Ya ce, "Ku ƙyale yaro. Ya shigo ya gaishe ni, har na sa masa albarka. Ni ne na yi gyangyaɗi na manta. Tsufa ne."

Ban ce komai ba. Ina tsaye, na ji, na bar maganar ta zauna. Wannan shirun ya fi min laɓewar ciwo har yau, don na ga abin da ya biyo baya. Aka fara raɗe-raɗin cewa hankalin tsoho ya fara taɓuwa. Da babana ya dawo ya ce zaman zaure ya isa haka, aka mayar da kakana ɗaki can ciki. Mata suka daina tambayarsa wa ya dawo. In ya faɗi magana sai a ce, "To, Baba," a kalli juna. Mutumin da duk gida yake rantsuwa da kunnensa ya koma wanda ake lallaɓawa, ni kuma ina nan da sunana na yaro mai ladabi.

Ni nake kai masa kunu a kwanakin jinya. Wata safiya ya kama wuyan hannuna kamar da, ya riƙe, ya ce, "Abokina, kana tsammanin ban san kana wucewa ba? Hodar mai askin nan ai tun daga ƙofa take gaishe ni kafin kai. Ina jin ta sai in ce, to, ya dawo, hankalina ya kwanta. Na ce yaro ne, zai gaji da wasan. Ran nan ne kawai ruwa da iska suka wanke ta, ban ji ka ba." Ya yi 'yar dariya. "Rana ɗaya ka ci wasanka." Na fashe da kuka na ce zan faɗa wa babana. Ya ce, "A'a, na riga na yi magana, kada ka mai da ni maƙaryaci. Kai dai ka dinga jan ƙafarka in ji ka."

Bai sake zama a zaure ba har Allah ya karɓi abinsa. Wasan kuwa ban ƙarasa shi ba, ban san ko sojan nan ya fita daga sansanin ba. Ba na cewa wasan ne ya yi laifi, wasa ne mai kyau, ya koya min haƙuri da lura. Abin da babu a cikinsa shi ne mai gadin da yake tsaye a ƙofa don yana jiran dawowarka.

Yanzu an fasa zauren an yi shagon waya, ƙofarmu ta ƙarfe ce, kowa da mabuɗinsa. Yara suna shiga suna fita da abu a kunne, ba wanda ya san wa ya dawo sai an buga masa waya. Gwaggo ta tsufa, tana wurina. Shekaranjiyan nan, bayan na idar da alwala, ɗana ya fito ya wuce ta, kansa a sunkuye kan wasa, ko kallonta bai yi ba. Ta kira shi ta ce, "Kai, ba ka gaji ubanka ba. Shi tun daga titi yake tuɓe takalmi in zai wuce kakansa. Tambaye shi, ga shi nan." Yaron ya ɗago ya kalle ni. Na sunkuyar da kai na ce lokacin salla ya yi, na nufi ƙofa. Ina tafiya na ji matata tana cewa daga kicin, "Don Allah Malam ka dinga ɗaga ƙafar nan, kana cinye takalmi." Na ce mata to, na ci gaba da ja.