Filastar da Ba Kwanan Wata

Da yawa muna ɗauka fumfuna abin bango ne da tsohon burodi, in ta kai jiki kuma ba ta wuce makero a fata. Amma akwai irinta da ke shiga jini. Ita ta kashe ki, Yaya, ranar Talata sha huɗu ga watan jiya, a ɗakin jinyar da kika yi shekara biyu kina gargaɗi a kansa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ke ce babbar ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, ni kuma ina koyar da ɗaliban jinya. In na kawo miki su, kya buɗe littafinki ki nuna musu: mutum arba'in da uku aka samu da wannan ƙwaya a jini, sha tara sun rasu. Galibinsu an yi musu tiyatar ciki, an ɗura musu magunguna masu ƙarfi, an bar robar ƙarin ruwa a jijiyar wuyansu ta daɗe. Kina yawo da biro a aljihu, kina rubuta ranar da aka sa robar a kan filastar kowane majinyaci. Ɗalibar da ba ta saba ba, hannunta kike riƙewa ku rubuta tare.

Babban likitan ɗakin jinyar ya sa miki suna Uwar Ƙirga. "Hajiya, mu magani muke yi, ba lissafi ba," in ji shi, aka yi dariya.

Sai ga ki kwance a ɗakin jinyarsa bayan tiyatar hanji. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ya ce na bayan tiyata ne, ya sauya maganin sau uku. Da na zo duba ki kika ce, "Ƙanwata, leƙa wuyana, kwana nawa?" Na leƙa. Filastar fara fat. Da muka bi takardu, robar ta kwana goma sha bakwai. Sakamakon jininki daga teburinki ya fito, kwana guda bayan jana'izarki.

Ajali na Allah ne, na sani. Sakaci kuwa yana da mai shi, kuma ban yafe ba. Da hannuna na rubuta ki ta arba'in da huɗu. Zan karanta littafin nan a gabansa a kowane taro, layi bayan layi, har sunan da ya sa miki ya gagare shi faɗa.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki uku da Inna haƙurin rashinki.

Ku kuma ɗalibaina, kada ku tsaya ga maganata. Gobe da safe kowa ya sa biro a aljihu, ya je gadon farko ya duba filastar. In babu kwanan wata, ku tambayi likitan, ko wane ne shi, kuma kada ku matsa sai ya amsa.