Dattijo da Akwatin Yajin Matarsa

A kasuwar Erode ta ƙasar Indiya, wani dattijo ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Sau uku yana wuce rumfar Valliyammai mai kayan yaji yana dawowa, maɓallan rigarsa a saɓe, akwatin yaji a hammatarsa.

"Yaya, saya za ka yi ko gadina kake?" in ji ta tana dariya.

Ya buɗe akwatin, gurbin kurkur wayam. "Cokali nawa ake sa wa miyar wake? Jiya na zuba uku, ta ture kwanon."

Ashe matarsa, mai akwatin, tana kwance ba lafiya.

Valliyammai ta daina dariya, ta tsinko garin kurkur da yatsu biyu. "Iya wannan."

Ya ƙura ido. "Shekara arba'in ina ci, ban taɓa kallo ba."